Shinkafar Hodi a Shataletale

Shekara huɗu cur famfon gidan Hodi bai zubo da ko ɗigo ɗaya ba. Tun ana murɗa shi da safe ana kara kunne, har aka gaji aka bar shi a buɗe, aka manta da shi kamar tsohuwar ƙusa a bango. Da ɗakin da famfon yake ya rasa aikin yi, sai Laure, matar Hodi, ta share shi ta mai da shi ɗakin ajiya. A nan, daidai ƙarƙashin bakin famfon, aka jingine buhu uku na irin shinkafa.

Ranar wata Talata a ƙarshen bazara, suna can gidan suna a Gesse, sai ruwa ya zo. Kada ku ɗauka an tuna da mutanen unguwar su Hodi, Nasarawa, ne. Wani kwamiti aka kafa, Kwamitin Gyaran Fuskar Gari, saboda gasar tsafta da ƙawa da za a yi tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Kwamitin ya ce abin kunya ne alƙalan gasa su shigo unguwa su murɗa famfo su ji iska, don haka aka saki ruwa na gwaji, ba sanarwa ba komai. Hodi da Laure suka dawo kafin azahar suka tarar da takalma suna iyo a tsakar gida.

Wani zai ce buhu uku ɗin me, a garin da shinkafa ta yi yawa har kaji suna yi mata yanga? To wannan ba irin wadda ake aunawa a kasuwa ba ce. Jar shinkafa ce ta mutanen da, wadda in gulbi ya cika ya malale fadamar Zauro ba ta nutsewa, sai ta riƙa miƙa wuya tana bin ruwa, ya hau ta hau, har ta wuce tsayin mutum. Mahaifiyar Hodi, Riskuwa, ita ta zo da irin daga gidan ubanta, shi ya sa ake ce mata ta-Riskuwa. A da rabin fadama ita ake shukawa. Da injin ban ruwa ya zo da sabon iri mai wata uku, sai aka riƙa watsar da ita ɗaya bayan ɗaya, har ya rage Hodi kaɗai. Ya sha tambaya a ƙauyukan bakin gulbi, babu mai ko tafi ɗaya. In buhunan nan suka lalace, ta-Riskuwa ta ƙare, kuma a hannunsa ta ƙare. Shi ya sa da ya tura hannu cikin buhu ya ji danshi har gwiwar hannu, sai da ya nemi bango ya dafa.

Dole a shanya ta a ranar. Tsakar gida ta zama tafki. Bakin titi kuwa, inda kowa ke shanya tun ana kiran titin hanya, kwamitin nan ya hana a makon da ya wuce, ya ce shanya tana ɓata fuskar gari. Cikin lungu kuma awaki ne, awakin Nasarawa da ba su san kunya ba. Laure ce ta tuna da sabon shataletalen da ke bakin unguwa: fili ne zagayayye, ga ɗan bango ya kewaye shi, ciyawar da aka dasa ta mutu, kuma 'yan kabu-kabu suna zagaya shi yini guda, ko akuyar da ta fi kowa rashin ji ba za ta tsallaka ba. Hodi ya ɗauki amalanke ya kai buhunan, ya shimfiɗa tampol, ya baje shinkafarsa, ya tsuguna a gefe da tsintsiya yana jiran rana ta yi aikinta. Awa uku kawai yake nema.

Bai samu ba. Da la'asar sakaliya wata mota ta zagaya shataletalen sau ɗaya, ta sake zagayawa, ta uku ta tsaya. Alhaji Muhyiddeen ne, shugaban kwamitin, mutumin da shataletalen nan ya hana shi cin abinci. Sau uku ana dasa ciyawa, sau uku tana mutuwa, ga gasa ta matso. Yana tare da mai ɗaukar hoto, wanda ya saki ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, ya miƙa wa Alhaji waya. Abin da Alhaji ya gani, wata da'ira ce ja mai ruwan zinari a tsakiyar baƙar kwalta, tana ƙyalli. Aka ce har idonsa ya kawo ruwa.

Hodi dai da ya ga babbar riga ta nufo shi, ya san an kama shi. Ya fara ba da haƙuri yana tattara shinkafa da sauri. Alhaji ya riƙe masa hannu.

"Baba, kada ka taɓa. Wa ya ba ka wagga dabara?"

"Ranka ya daɗe, ba dabara ba ta. Iri na ya jiƙe, yanzu nika kwashe shi."

"Ka kwashe mi? Wata huɗu muna neman abin da kay yi cikin yini guda."

Nan take, a tsaye, da mutum biyu na cikin mota da wasu uku ta waya, kwamiti ya yi zama ya zartar cewa abin da ke cikin shataletale ya zama kayan adon gari, ba mai ɗaukar ko ƙwaya sai da takarda. Kafin magariba an kawo mai gadi, wani dattijo Sirajo, da kujerar roba da gwangwani mai tsakuwa na korar tsuntsaye. Hodi ya koma gida da amalanke wayam. Laure ta tambaye shi ina shinkafa, ya ce gwamnati ta ce ta yi kyau.

Washegari da sassafe ya dawo, ya tarar an riga shi. An ce shuɗin tampol yana leƙowa ta gefe yana ɓata hoto, don haka ma'aikata suka janye shi daga ƙasa, suka sa manjagara suka baje shinkafar a kan baƙar ƙasa, lafiyayyar ƙasa mai taki da aka kawo don ciyawa. Bai gama salati ba sai ga tankar ruwa. Ita wannan tanka kullum safiya take zuwa ta shayar da ciyawar da ta mutu tun watan jiya, saboda ba wanda ya rubuta mata ta daina. Hodi ya tsaya gabanta ya ware hannuwa. Direban, mutumin kirki ne wallahi, ya sauko ya gaishe shi, ya nuna masa takardar aikinsa, ya ce shi ma ya san ba a shayar da shanya, amma in ya koma da ruwa a tanka za a ce ya yi fashin aiki. Ya roƙi Hodi ya matsa kada ya jiƙe. Hodi yana tsaye yana kallo aka yi wa irin da ya kawo shanya wanka.

Daga nan ya nufi ofishin kwamiti. Sakatariyar, Malama Munira, ta ba shi kujera har da ruwan sanyi, ta saurare shi tsaf, ta ce ta gane matsalarsa sarai kuma mai sauƙi ce. A fayil an rubuta kayan ado. Kayan ado na gari ne. In yana son a ba shi, sai ya kawo shaidar masani cewa abin iri ne, domin iri na manomi ne. Hodi ya ce ai ko makaho ya shafa ya san shanshera ce, shinkafa mai ƙaiƙayi. Ta ce ita ma ta sani, fayil ne bai sani ba. Masanin da hatiminsa ke karɓuwa kuwa, wani malamin gona ne Abdussamadu, kuma a Argungu yake zaune.

Ran Alhamis Hodi ya shiga motar Argungu. Duk hanya lissafin kwanaki yake a zuci: jiya an jiƙa, yau ma an jiƙa, irin da ya sha ruwa kwana uku ko dai ya ruɓe ko ya tsaga. Bai ga gona ko ɗaya da suka wuce ba.

Suna shiga gari motar ta yi tsaye cik, wai ba hanya. Hodi ya leƙa. Ashe hoton shataletalensa ya iso Argungu tun shekaranjiya, kuma nasu kwamitin ya rantse ba za a fi su ba. Sun zuba shanshera a nasu shataletalen, sun zagaye ta da albasa layi biyu, manya a waje ƙanana a ciki, sun kafa damin gero a tsakiya. Wari ya cika wurin, don su ma tankarsu ba a rubuta mata ta daina ba. A bakin bango wasu manoma uku suna tsugune sun zuba tagumi. Suka ɗago kai suka ga Hodi. Kallo ɗaya suka yi wa juna kowa ya gane.

Ya sami Abdussamadu a wani ɗan ofis da fanka ba ta juyawa. Malamin ya ce sharaɗin aikinsa, ba ya sa hatimi sai an kawo samfuri, ko tafi ɗaya ne. Hodi ya ce ai tafi ɗayan ne aka hana shi ɗauka sai da hatimin.  Sai malamin ya tambaya, don fitar da kai, wace irin shinkafa ce ake wannan wahala a kanta. Da Hodi ya ce ja ce mai bin ruwa, sai Abdussamadu ya ajiye biro.

"Mai bin ruwa? Shekara tara ina nemanta, anka ce mini ta ɓace."

"Ba ta ɓace ba, Malam. Tana cikin shataletale."

Abdussamadu ya ce tunda samfuri ba zai zo ba, shi zai je wurin samfuri. Sai dai babur ɗin ofis ba ya fita gari sai da izini, izinin kuma bai fito ba sai Litinin.

Ran Litinin suka iso tare, Hodi a bayan babur. Tun daga nesa ya ga shataletalen ya sake kala. Kore shar, tsiro a jere kamar gashin buroshi, ba inda ake ganin ƙasa. Ta-Riskuwa ta sami taki, ta sami ruwa kullum safiya, ta sami mai korar mata tsuntsaye, gatan da ba ta taɓa samu ba tun da aka halicce ta, ai kuwa ta tsiro gaba ɗayanta. Alhaji Muhyiddeen yana gefe ana ɗaukarsa hoto, bakinsa har kunne, yana gaya wa jama'a cewa a karo na huɗu ciyawar kwamiti ta kama.

Abdussamadu ya duƙa ya duba, ya rubuta cewa wannan iri ne, ya buga hatimi. Suka kai wa Malama Munira. Ta karanta, ta yaba rubutun, sannan ta ce akwai 'yar matsala: takardar tana magana a kan iri, abin da ke shataletale yanzu kuwa an sake masa suna a fayil tun Asabar, ya koma ciyawar ado. Ciyawar ado kuma shugaba kaɗai ke sa hannu a cire ta, shi kuma ya ce ba zai taɓa biro ba sai alƙalai sun zo sun tafi. Ni da nake ba ku labarin nan, a nan ne zan kifar da tebur. Hodi bai kifar ba. Yana fitowa ma sai aka ga fuskarsa ta saki, abin da ba a gani ba tun ranar famfo.

Dalili kuwa, ya ga ƙofa. Ba a saba dasa ta-Riskuwa ba, watsa ta ake yi, amma shinkafa ce, in aka cire ta tana da kwana ashirin zuwa ashirin da biyar aka dasa, za ta kama. Alƙalai kuma an ce nan da mako biyu. Abdussamadu ya ƙirga da yatsu ya ce zai yiwu, in ba a ɗaga ba.

Daga ranar Hodi ya rabu biyu. Da safe yana Zauro yana gyaran gona, yana jan ruwa da injin aro don ƙasa ta yi laushi. Da yamma yana shataletale. Sirajo mai gadi ba ya barinsa ya tsallaka bango, amma yana matsa masa kujera, su zauna su biyu suna kallon shinkafa tana girma, 'yan kabu-kabu suna zagaya su. Hodi ne ke gaya wa direban tanka inda ruwa ya yi kaɗan. Hodi ne ya hango tsutsa ta fara cin gefen gabas, ya nuna da sanda daga waje, Sirajo ya shiga ya tsince. Wata rana Alhaji ya zo wucewa ya gan shi, ya yaba masa kishin gari, ya ce za a sa sunansa cikin waɗanda za a ba takardar yabo. Hodi ya yi godiya. Me zai ce?

Aka ɗaga zuwan alƙalai da kwana uku. Aka sake ɗagawa da kwana ɗaya. Hodi ya daina cin abinci sosai, Laure tana faɗa yana cewa ya ƙoshi. Tsoro ne ya cika shi, tsoro zalla, don shuka tana girma, saiwa tana sarƙewa, kowace safiya cirewar tana ƙara wuya.

Sai ranar Juma'a suka zo, mutum biyar da huluna. Suka zagaya shataletalen a mota, suka sauka suka shafa, ɗayansu ya ce bai taɓa ganin ciyawar ƙasar waje ta karɓi ƙasarmu haka ba. Na Argungu kuwa, tun daga nesa warin ruɓaɓɓiyar albasa ya mai da su cikin mota. Birnin Kebbi ta ci gasa. Alhaji Muhyiddeen, don murna, ya sa hannu a kan duk takardar da aka miƙo masa a ranar, har da ta Hodi. Sai dai mai hatimi ya tafi masallaci daga can bai dawo ba, don haka Malama Munira ta ce ya zo Lahadi da safe gidanta ya karɓa, za ta sa a buga masa ko da ba ranar aiki ba ce. Ta cika alkawari, Allah ya saka mata.

Lahadi da hantsi Hodi ya taho da amalanke biyu da kwanduna, da Laure da mata huɗu masu dashe, takarda a aljihun gaba yana dafe da ita. Suka sha kwana suka fuskanci shataletale. 

Ba kore. Shinkafar ta kwanta, ta yi ruwan ƙasa-ƙasa kamar an bi ta da wuta, wani wari mai hawa kai yana tashi. Sirajo yana tsaye a bakin bango, ya cire hula ya riƙe.

Ya ce jiya Asabar ce ta ƙarshen wata, ranar tsaftar gari. Akwai wani kwamitin daban, na kawar da shara da ciyayi, wanda dokarsa ta ce duk ciyawar da ta wuce taƙi ɗaya a kan titi a kashe ta, don tana tara sauro. Sun zo da sandar awo suka gwada, ta wuce da yatsa uku. Suka goya tankunan feshi.

"Na hana su, Malam Hodi. Wallahi har riƙe rigar babbansu na yi. Sunka nuna mini takarda, tasu ma da hatimi. Tawa ta ce kada in bari a ɗauka. Sunka ce su ba ɗauka za su yi ba."

Hodi ya tsallaka bangon, karon farko cikin kwana ashirin da shida, ba wanda ya tare shi. Ya durƙusa ya tumɓuke dami ɗaya ya duba gindin, ya jefar. Ya matsa gaba ya tumɓuke wani. Haka ya bi shataletalen da gwiwa, daga gefe zuwa tsakiya, yana neman ko ɗaya da feshin ya tsallake. Mutanen sun iya aikinsu, ba su tsallake ko ɗaya ba. Matan dashe suka ɗauki kwandunansu suka tafi ba sallama. Laure ta tsaya har rana ta take, sannan ta shiga ta kama shi ta kafaɗa ta ce ya isa, su je gida.

Ya yini a zaure. Wajen la'asar ya ji ƙamshi yana fitowa daga madafa, ƙamshin da ya sani tun yana goye. Laure ta fito da kwano ta ajiye gabansa: tuwo ne ja, da miyar kuka. Ta ce ta-Riskuwa ce, cikin casasshiyar bara ta rage a ƙasan tukunya, mudu ɗaya bai cika ba. Ta duba ta sake dubawa ko akwai mai ƙaiƙayi a ciki da za a iya shukawa, babu. Ta ce gara a ci da a bar wa ƙwari.

Hodi ya daɗe yana kallon kwanon. Sai ya ce a kira masa kowa, 'ya'ya da surukai da jikoki, har wadda ke aure a Gesse a buga mata waya ta hau kabu-kabu ta zo. Suka taru a tsakar gida, mutum goma sha ɗaya a kan tuwon mutum huɗu. Laure ta yanka wa kowa loma biyu. Hodi ya ce su ci a hankali, kada kowa ya haɗiye da sauri, su tsaya su ji.

Aka fara ci. Hamida, jikarsa 'yar shekara biyar wadda yake tsokana da amaryarsa, ita ba ta san wani a hankali ba, ta lashe nata ta suɗe yatsu, ta miƙa wa Laure kwano.

"Kaka, ƙara mini. Wanga ya fi na kullum daɗi."

Laure ta karkata tukunya ta nuna mata, ko ƙanzo babu. Yarinyar ta ɓata fuska, ta ce to gobe a yi irinsa.

 Hodi ya jawo ta kusa, ya tura mata nasa da bai taɓa ba, ya juya fuska wajen bango har ta cinye.